Fuskar Goggo a Wuyan Riga

Duk wanda ya san Goggo ya san abu biyu a kanta: ba ta zubar da ƙyalle, ba ta kuma manta magana. Ƙyallayen a buhunhuna take tara su ƙarƙashin gado, kowane girma da buhunsa. Maganar kuwa a ciki take ajiye ta, ta shekara ba ta koɗe ba. Akwai wata maƙwabciya da ta taɓa cewa ɗinkin Goggo kamar na maza ne. Bayan shekara goma sha ɗaya matar ta kawo kayan ’yarta, Goggo ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ce, “Ki kai wa mata.” Baiwar Allah ta tsaya tana ƙifta ido, don ita tuni ta manta.

Ita ce babba a gidansu. Babansu tela ne mai keke ɗaya da yara bakwai, bai tsaya jiran namiji ya girma ba, ya ɗora ta a kan keken tana da shekara tara. Ƙafarta ba ta kai mataki ba, sai ya ɗaure mata guntun katako a kai. Abin da ya fara koya mata shi ne yanka: duk inda za a haɗa ƙyalle biyu, a bar rarar yadi faɗin yatsa biyu, a lanƙwashe ta a ciki inda ido ba ya gani. Yaro zai girma, mace za ta yi ciki, magidanci zai samu sakewa ya ajiye tumbi. Ranar da riga ta matse, sai a warware ɗinkin a buɗa ta, ta ƙara wasu shekarun. Idan Goggo ta yanka ƙasa da haka, tsohon ba ya faɗa. Yatsunsa biyu zai ɗora a kan yadin, ya kalle ta, ya tashi ya bar mata wurin. Har ta tsufa tana cewa da ma dukanta yake yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta auri wani mai gyaran rediyo, mutum mai sanyin hali, wanda bai taɓa cin ta a gardama ba, bai ma taɓa gwadawa ba. Shekara ashirin da biyu suna tare Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da rediyoyin mutanen da ba su dawo karɓa ba. A tsakanin nan ne ’yar autar ƙaninta ta maƙale mata. Ƙanin nan kowa Direba yake ce masa, saboda shekarun da ya yi yana jan bas. Yarinyar ’yar firit ce, sai tsalle da surutu, shi ya sa Goggo ta raɗa mata Tsigi, sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu. Daga makaranta nan take sauka, a ƙarƙashin teburin yanka take barcin rana, da guntayen ƙyalle take wasa. Goggo ta koya mata duk abin da ta sani. Tana son yarinyar nan son da bakinta bai iya furtawa ba, sai dai ya fito a tsawa da ranƙwashi.

Tsigi ta girma, ta tafi ta yi karatun zanen sutura, ta dawo da tabarau da babbar waya da dogon bayani. Wata rana da yamma ta zauna a kan buhun ƙyalle ta ce, “Goggo, kin san abin da kika yi shekara arba’in kina yi shi duniya ke nema yanzu? Kaya masu ƙarko, ba ɓarnar yadi, ba cutar mai ɗinki. Har suna gare shi.”

“A zamaninmu sunansa rashin yadi,” in ji Goggo.

Amma ta yarda. Suka kama ɗan shago mai ƙofar gilashi tsakanin kantin magani da mai gyaran waya, da ɗaki a baya mai keke huɗu. Tsigi ke zana kaya, ita ke yawon sayo ragowar yadi daga manyan masaƙu, ita ke hulɗa da masu saye ta intanet. Goggo ce ke da ɗakin baya da teloli uku, mata biyu da wani dattijo, kuma duk rigar da za ta fita sai ta bi ta hannunta. Aka kawo mai hoto ya ɗauke ta tana saka zare a allura. Aka buga hoton a ɗan ƙyalle mai faɗin akwatin ashana, wanda ake ɗinkawa a wuyan kowace riga ta ciki, aka rubuta a ƙasa: “Ɗinkin Goggo. Yatsa biyu na rara a kowace riga.” Aka kuma yi babbansa a allo, aka kafa a saman ƙofa. Goggo ta ce shirme ne, wa zai sayi riga don fuskar tsohuwa. Sai dai tun daga ranar ta daina shigowa ta ƙofar baya, ta gaba take bi, kuma sai ta tsaya gyaran takalmi daidai ƙarƙashin allon.

Shekara huɗu aka yi ana aikin gaskiya, kada a ci haƙƙin Tsigi. Daga nan kasuwa ta buɗe fiye da ƙarfin keke huɗu. Masu oda suna kira suna zagi, ga wasu shaguna sun taso suna kwaikwayon kayan da rabin farashi, ga Goggo kuma ta tare hanya. Tana iya sa tela ya warware riga gaba ɗaya don rarar ta gaza da faɗin farce. Wata rana aka sayo lemo da biskit, aka kira Direba, aka zaunar da ita a wata sabuwar kujera mai laushi, Tsigi ta yi jawabi har da ƙwalla, ta ce Goggo ta sha wahala, lokaci ya yi da za ta huta. Aka tafa. Aka ɗora mata kujerar a mota aka kai ta gida. Goggo ba yarinya ba ce, ta san kora ko da an naɗe ta a takardar kyauta. Ta haɗiye, don ’yarta ce, ta ajiye kujerar a lungu ta ɗora buhun ƙyalle a kai.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ta mutu da shi a ciki. Bayan kamar shekara guda, wata ma’aikaciyar jinya mai tsohon ciki ta tare ta a layin karɓar magani, ta ce, “Mama, ba ke ce ta wuyan rigata ba?” Washegari matar ta biyo ta gida da rigar a leda, shuɗiya mai dogon hannu, ta ce ta je shago an ce masu gyara ba sa nan, ga shi rigar ta ƙi shiga. Goggo ta ji daɗi har cikin ranta, don irin aikin da aka haife ta dominsa ke nan. Ta juya rigar, ta sa reza a ɗinkin gefe, ta tsinke zare huɗu, ta buɗa. Babu komai a ciki. An yanke yadin daf da zare, an bi bakin da injin. Ta duba ɗaya gefen, ta duba hammata, ta duba baya. Ko faɗin tsinke ba a bari ba. A wuyan rigar kuwa ga fuskarta nan tana saka zare a allura.

Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hankali, “Ni fa fuskarki na saya, Mama. Na ga dattijuwa, na ce wannan ba za ta yi mini ƙarya ba.”

Goggo ta sha zagi a duniya, ta kuma rama kowanne, amma wannan ba zagi ba ne. Kunya ta kama ta irin wadda rabonta da ji tun tana gaban babanta. Ta jawo buhu, ta zaɓo ƙyallen da ya dace, ta ƙara wa rigar a gefe biyu, ta goge, ta miƙa wa matar ba tare da ta iya haɗa ido da ita ba.

Da safe ta tafi shago. Ta wuce kai tsaye ɗan ofishin Tsigi, ta rufe ƙofa da hannunta, ta zauna, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ko bango ba zai ji ba. Ta ce ba ta zo faɗa ba, shago na Tsigi ne, ta ɗinka abin da ta ga dama. Abu ɗaya take roƙo: a cire fuskarta da maganar yatsa biyu daga kayan da ba ta taɓa ba.

Tsigi tana cikin hayaniyar waya biyu, ranta a ɓace tun kafin Goggo ta shigo. Ta miƙe, ta buɗe ƙofar, ta fita cikin shago tana duba kwalayen rigunan da aka ɗinko a wani wuri, ta kuma ba da amsa daga can, a gaban masu saye biyu da dattijon tela, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakin baya.

“Goggo, hoton nan na shago ne, kin sa hannu a takarda. Kin san yadi nawa yatsa biyu ke ci a riga ɗari biyar? Kuma wa ke kawo gyara yanzu? In ta matse sabuwa ake saye. Don Allah ki je ki huta, wannan ba ɗinkin ƙarƙashin gado ba ne.”

Ɗaya daga cikin masu sayen ta yi dariya ta rufe baki. Goggo ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce, “To.” Dattijon tela, wanda ya yi shekara huɗu a ƙarƙashinta, ya ce da ya ji wannan “to” ɗin ya san magana ba ta ƙare ba.

Wata bakwai ta yi ba ta sake ta da maganar ba. Tana zuwa gidan Direba, tana gaisawa da Tsigi, har ta tambaye ta kasuwa. Direba ya ce, “Yaya, wallahi na ji daɗi da kika haƙura.” Ta ce, “Ai girma ya kama ni.” Shi kuwa, da yake Allah ya yi shi da saurin yarda, ya koma yana ba mutane labarin yadda tsufa ya sanyaya yayarsa.

Babu abin da ya sanyaya. Ta lallaɓa dattijon tela ya faɗa mata inda kwalayen ke fitowa, ta hau mota biyu, ta sauka bayan wata ma’aikatar katako, ta bi ƙarar kekuna har wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Kekuna sun fi arba’in, taga biyu kacal, mata sun duƙufa ba mai ɗago kai, zufa na bin wuyansu. A bayan ɗakin akwai durom da ake ƙona guntayen yadi, hayaƙin na tashi baƙi. Goggo ta tsaya tana kallon ƙyallaye masu kyau, waɗanda za su yi aljihu da wuyan riga da rigar jariri, suna cin wuta, zuciyarta na tafarfasa. A kusa da ƙofa wata mata na zaune da naɗin tambarin nan mai hoton Goggo, tana yankowa ɗaya bayan ɗaya tana mannawa a wuyan riguna ba ta ko kallo. Da ta ji mutum a kanta ta ɗago. Ta dubi Goggo, ta dubi abin da ke hannunta, ta sake dubanta.

“Ke ce?”

“Ni ce.”

“Ikon Allah. Mu mun ɗauka kin rasu.”

Goggo ta yi ƙwafa, ta juya ta nufi tasha. A hanya ta tsaya wani kanti ta sayi sabuwar reza, ta sa a jaka. Ba ta san inda za ta yi amfani da ita ba tukuna, amma ta san ranar na zuwa.

Ranar kuwa da ƙafarta ta zo. Akwai wata ƙungiya da ke bin ƙananan masu ɗinka kaya tana bincike, wanda ta samu yana aikin gaskiya ta ba shi shaida, kuma manyan masu saye wannan shaidar suke dubawa. Tsigi ta nema, aka sa mata ranar ziyara, aka kuma ce ana son ganin Goggo a bakin aikinta. Sai ga Tsigi da ledar kayan marmari, ta durƙusa a tsakar ɗaki kamar yadda take yi tana ƙarama in ta fasa abu.

“Goggona, safiya ɗaya kawai. Ki zauna a keke, su gaishe ki, su tafi. In na samu shaidar nan, na rantse zan dawo da komai yadda yake. Zan dawo da teloli, zan dawo da rara.”

Goggo ta bar ta a durƙushe har ta gama saka maɓallin da ke hannunta, ta ciza zare. “Kin cire fuskata?”

“Bayan ziyarar, Goggo. Yanzu ai fuskar suke son gani.”

Da yarinyar ta ce ta yi kuskure, ko da da rabin baki ne, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ba ta ce ba. Goggo ta yi murmushi ta ce, “Zan zo. Ƙarfe nawa?”

Ta iso da wuri ta tarar an share shago an goge gilashi, an ɗauko matan nan biyu da aka sallama an zaunar da su a kekunansu, kwalaye sun yi ɓatan dabo. Ta bi kayan da aka rataye da ido, ta gane su ɗaya bayan ɗaya: duk ɗinkin hannunta ne na da, wasu daga sito aka zaƙulo su, wasu ma daga akwatin Tsigi. Yarinyar ba wawiya ba ce, Goggo ce ta raine ta.

Baƙin su uku ne, maza biyu, ɗaya da kyamara ɗaya da littafi, sai shugabarsu, wata doguwar mata mai fara’a. Tana shigowa ta kama hannun Goggo da hannu biyu ta ce, “Mama, yau dai na gan ki ido da ido. Kin ga kwat ɗin nan? Watan jiya na yi odarsa daga shagonku, saboda ke.”

Goggo ta dubi kwat ɗin. Ta dubi yadda ya ja a hammata, ta dubi bakin hannun. Wani sanyi ya sauka a zuciyarta.

Aka zagaya, aka yi tambayoyi, Tsigi na amsawa ba gargada. Sannan ta ciro wata riga daga hanga ta miƙa wa Goggo don ta nuna wa baƙi rarar. Goggo ta warware, ta buɗa, ga yatsa biyu cif, a lanƙwashe, a goge. Mai kyamara ya matso, mai littafi ya rubuta, shugabar ta ce ita ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Tsigi ta saki ajiyar zuciya. Goggo ta bar ta ta gama sakewa tukuna.

“’Yata,” ta ce da shugabar, “kwat ɗin nan ya kama ki a hammata.”

“Wallahi kuwa, Mama. Na ce ko ni ce na ƙara ƙiba.”

“Cire in buɗa miki. Minti biyar ne.”

“Goggo,” in ji Tsigi, muryarta ta canza, “baƙi na sauri, akwai wani wurin da za su.”

“Haba, wa zai ƙi wannan?” in ji matar, har ta zare hannu ɗaya.

Goggo ta karɓi kwat ɗin ta shimfiɗa a tebur. Ta ɗago ta dubi Tsigi, ta ga idon nan da ta sani tun yana leƙowa daga ƙarƙashin teburin yanka, yana roƙonta. Ta ji tausayinta, ba ƙarya, ta ji shi har ƙashi. Sai ta tuna ma’aikaciyar jinya, ta tuna dariyar da aka rufe da hannu. Ta buɗe jaka ta ɓare sabuwar reza.

A hankali ta yi aikin, zare ɗaya bayan ɗaya, daga hammata har ƙasa, ba ta yi gaggawar ko ɗaya ba. Ta buɗe ɗinkin ta kwantar da shi a fili. Ta ce da mai littafi, “Ɗana, kawo yatsunka biyu ka ɗora nan.” Ya kawo, ya rasa inda zai ɗora. Ta ce, “To kawo farce.” Babu wanda ya yi dariya. Ta juya wuyan kwat ɗin, ta yanke tambarin, ta ajiye shi a tsakiyar tebur.

“Wannan fuskata ce. Wannan kuma ba ɗinkina ba ne. Rabona da keken nan ya kusa shekara biyu. Matan nan da kuke gani jiya aka ɗauko su, gobe za a mayar da su gida. In masu ɗinkin kuke son gani, ku tambayi hanyar ma’aikatar katako, ku zagaya bayanta, ku bi hayaƙi. Ku tafi da mafici, don taga biyu gare su.”

Tsigi ta jingina da kantar shagon. Goggo kuwa ba ta iya barin aiki a buɗe. Ta zaro ƙyalle daga jakarta, ta auna, ta zauna a keke, ta ƙara wa kwat ɗin a gefe biyu, ta sa aka kawo dutsen guga ta goge. Minti ashirin babu abin da ake ji sai ƙarar kekenta, kowa na tsaye. Ta miƙa wa matar ta ce, “Gwada.” Ya zauna mata ɗas. Goggo ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar gaba, kuma ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin iska mai daɗin ta ranar ba.

Baƙin sun je bayan ma’aikatar katako, sun kuma rubuta abin da suka gani. Shaida ba ta samu ba, labari ya bazu a waya, masu oda suka riƙa janyewa. Direba ya zo mata a fusace, ko zama bai yi ba.

“Yaya, ’yarki ce fa! Ke kika raine ta! A gaban baƙi?”

“Da ba ’yata ba ce, da tun ranar farko na fasa gilashin shagon.”

“Kin ji daɗi yanzu?”

“Na ji.”

Ya juya ya fita, ruwan da ta zuba masa bai taɓa ba.

Bayan mako biyu Tsigi ta zo. Ta rame, ba tabarau, ba waya a hannu, sai wata babbar leda. Ba ta durƙusa ba. Ta zazzage ledar a gaban Goggo, tambura suka zubo suka cika tabarma, ɗaruruwan fuskokin Goggo, wasu an yanke su a tsanake, wasu almakashi ya bi ta tsakiyar fuskar.

“Ga su nan. Da hannuna na cire, ɗaya bayan ɗaya.” Ta yar da ledar gefe. “Na yi laifi, na sani. Amma da kin same ni a ɗaki, Goggo. Da kin faɗa mini tsakanina da ke.”

“A ɗaki na same ki. Da hannuna na rufe ƙofar. Ke kika buɗe.”

Hawaye na zubo wa Tsigi, ba ta share ba. A nan ne ya kamata Goggo ta miƙa hannu, kuma hannun ya so ya miƙu. Amma Goggo Goggo ce. Ta dubi tulin da ke gabanta ta ce, “Saura na saman ƙofa.”

Tsigi ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta fita. Ta taga Goggo ta hango motar Direba a bakin titi, yana zaune a ciki, bai ko waiwayo gidan ba.

Shagon bai rufe ba. An ce ya koma keke huɗu, an dawo da matan nan biyu, an kuma ce yanzu ana barin rara, don masu saye sun koyi juya riga kafin su biya. Duk a bakin mutane Goggo ke jin wannan, domin daga gidan ƙaninta babu mai zuwa, babu mai kira. In ka zauna da ita za ta ba ka labarin kwat ɗin daga farko har ƙarshe, tana kwaikwayon muryar kowa, tana dariya har da buga cinya, ta kuma rantse maka ko yau aka sake sai ta sake.

Sai da aka yi wata uku sannan ta shirya ta tafi ganin ƙofar da idonta. An sauke allon. Inda yake a da fentin ya fi na sauran bangon haske, ga ramukan ƙusa huɗu. Ta tsaya a ƙasa tana kallo, ta daɗe, har wata mata da aka ɗauka sabuwa don tsaron shago ta leƙo ta gilashi, ta buɗe ƙofa da fara’arta.

“Sannu da zuwa, Mama. Shigo mana, akwai masu daidai da ke. Ko wani kike nema?”

Goggo ta dube ta da kyau, ta ga da gaske matar ba ta san ta ba. Daga ɗakin baya tana jin ƙarar kekuna, da muryar Tsigi tana ce wa wani tela ya warware ya sake.

“A’a,” in ji Goggo. “Wucewa nake yi.”